Kada mu sa tarakta cikin ɗanyar ƙasa

Ƴan'uwa manoman bakin Komadugu, daga Difa zuwa Geskeru har Boso, akwai wata ɓarna da muke yi wa gonakinmu, kuma da kuɗinmu muke biyanta. Ido ba ya ganinta, domin a ƙarƙashin ƙasa take.

Idan ruwa ya janye daga fadama, kowa gaggawa yake yi. Tarakta kaɗan ce, masu jiranta da yawa. Wanda layi ya zo kansa ba ya so ya wuce shi. Sai a shigar da ita gona alhali ƙasa ba ta tsane ba.

Ƙasar bakin kogi laka ce. Cikinta akwai ƙananan ƙofofi, ta nan iska da ruwa suke bi. Idan taya mai nauyi ta taka laka tana ɗanya, ƙofofin sai su toshe. Takawar farko ita ce ta fi ɓarna. Garma kuma tana shafe gindin kunya kamar yadda magini yake shafe bango. Sama za ta yi laushi, mu yi murna. Amma misalin taƙi ɗaya a ƙasa, wuri ya yi kanta, kamar tafin hannun mai noma.

Saiwa ita ce bakin shuka. Saiwar wake, da ta waken suya wanda ake nomawa sosai a Kaduna da Binuwai, tana son ta nutsa ƙasa kai tsaye. In ta iske kanta sai ta lanƙwashe, ta bi gefe. A jikinta akwai ƴan ƙulli-ƙulli da ke samo wa shuka abinci daga iska, irin wanda muke saye cikin buhun taki. Inda babu iska, ba sa yawa, ba sa aiki. Ganye ya yi ɗorawa, mu ce taki ne ya yi kaɗan, mu ƙara kashe kuɗi. Tattasai ma haka ne. An ba shi ruwa da safe, kafin la'asar ya yi yaushi, mai inji ya ƙara ƙona mai. Shinkafa ce kaɗai ba ruwanta, ita dama taɓo take so.

Ba mu ce a bar tarakta ba. Tana rage wahala. Amma tun 2015 rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu, ambaliyar 2019 da ta 2022 kuma ta ci amfanin wasu. Ɗan abin da ya rage a hannu bai kamata mu lalata shi ba.

Gwajin ba wuya. Tona rami mai zurfin taƙi ɗaya, ɗebo ƙasa, murza ta a tafin hannu. In ta yi tsawo kamar igiya, a dakata. In ta marmashe, a shiga. Injin shuka ma, ko na jaki ne, haka za a yi masa. A bar wa tarakta da amalanke hanya ɗaya a gefen gona. A zuba takin dabbobi, a bar kara ya ruɓe a wurin.

Sauran maganar ta ƙungiyoyin manoma ce. A ganinmu, a daina bin layi bisa wanda ya fara biya. A fara da gonakin tudu da suka riga bushewa. Na kwari su zo daga baya, kuma kada wanda ya jira ya rasa layinsa.