Soja Ya Dawo Da Ƙafafunsa, Amma Anya Lafiya Ya Dawo?

Mu 'yan Badariya ba baƙin soja ba ne. Ga Barikin Dukku nan cikin gari, ga tsofaffin da suka yi Laberiya da Saliyo, ga yayyenmu da ke fafatawa da Boko Haram da Lakurawa. Idan soja ya dawo da hannu da ƙafa, sai mu ce Alhamdulillahi, an tsira. To ƙwaƙwalwar fa?

Idan bam ya tashi kusa da mutum, ƙarfin iskar kaɗai yana iya girgiza ƙwaƙwalwa ko da jini bai fita ba. Daga baya sai ciwon kai, mantuwa, rashin barci, faɗa ba dalili. Mu kuma nan da nan mun yanke hukunci: "ai ƙwaya yake sha", ko "iskoki ne". Haba jama'a!

Dubi Amurka. A 1967 likitoci suka buɗe rajistar sojoji 1,221 da suka ji rauni a ka a yaƙin Biyetnam, aka yi ta bibiyarsu sama da shekara 40. Kusan rabin waɗanda harsashi ko gutsuren bam ya shiga kansu sun kamu da farfaɗiya, wasu ma sai bayan shekara goma ta fara kayar da su. Wani binciken na 2018 kan tsofaffin sojoji ya nuna ko ƙaramin bugu a ka yana ninka haɗarin gigin tsufa. Da ba a bibiya ba, wa zai danganta ciwon yau da bam ɗin shekara goma baya?

Wani zai ce, tsohon sojan da ke jiran fansho ina ruwansa da bincike? Ai ruwansa ne dumu-dumu. Raunin da ba a rubuta ba, ba a biyan diyyarsa.

Ba daga sama za mu fara ba. Akwai asibitin soja na 44 a Kaduna, akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Sakkwato, ga asibitin Kware. Abin da nake kira a yi shi ne: duk sojan da bam ya tashi kusa da shi a rubuta sunansa ranar, a riƙa duba shi duk shekara har bayan ritaya.

Mu ma ɗalibai da namu. 'Yan kwamfuta da 'yan ƙididdiga, maimakon kwafo furojet ɗin bara, ku tsara irin wannan rajistar, ku nemi haɗin kan ƙungiyar tsofaffin sojoji.

Ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don waɗanda suka rasu. Masu rai likita suke buƙata.