Kofin Davis Na 1974: Wa Ya Ci, Wa Ya Ji Kunya?

Akwai wata magana da manyan masu shirya wasanni na duniya suka daɗe suna rerawa kamar karatun allo, watau wai kada a gama wasa da siyasa. Mun ji ta daga bakin shugabannin ƙungiyoyi, mun karanta ta a jaridu, har wasu daga cikinmu sun haddace ta suna maimaitawa a ɗakin cin abinci, kai ka ce wahayi ne. To, mu ba mu yarda da ita ba, kuma ba za mu tsaya musu a kan iska ba. Shekara guda za mu ɗauko daga tarihin gasa guda, mu baje ta a faifai, sa'an nan kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

Gasar ita ce ta Kofin Davis, wadda ƙasashe ke karawa a cikinta a wasan tanis na maza. Wani ɗalibin jami'ar Harvard mai suna Dwight Davis ne ya sayi kofin da kuɗinsa, aka fara bugawa a Boston a 1900 tsakanin Amurka da Birtaniya. Tsarinta a zamanin da muke magana ba shi da wuyar ganewa: ƙasa biyu su haɗu kwana uku, a yi wasa biyar, huɗu na ɗai-ɗai, ɗaya na bibbiyu, wadda ta ci uku ta wuce gaba. A lura tun daga nan. Ba a kiran sunan ɗan wasa in ana lissafin maki, sunan ƙasarsa ake kira. Ana ɗaga tuta, ana buga take. Wanda ya shirya irin wannan biki, sa'an nan ya juyo ya ce babu siyasa a ciki, lalle ya raina hankalin masu sauraronsa.

Tun daga 1900 har 1973 ƙasa huɗu kaɗai suka taɓa ɗaukar kofin nan: Amurka, Birtaniya, Ostareliya da Faransa. A 1974 sai manyan suka yi sakaci, suka aika 'yan wasa na baya-baya. Kolombiya ta fitar da Amurka a Bogota tun watan Janairu. Ostareliya, mai riƙe da kofin, ta je Kalkata ba tare da gwanayen da suka ciyo mata shi ba, Indiya ta kayar da ita uku da biyu bayan wata irin fafatawa da aka buga ƙananan wasanni 327 a cikinta, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Daga nan Indiya ta doke Tarayyar Sobiyet a Puna, ta kai wasan ƙarshe. Ƙashin bayan 'yan wasanta wasu samari ne biyu, wa da ƙane, 'yan Madras, Anand Amritraj mai shekara 22 da Vijay mai shekara 20. Vijay ɗin nan ba ƙyalle ba ne: ya riga ya kayar da Rod Laver a gasar Amurka ta 1973, ya kuma kayar da Bjorn Borg a ta 1974. Ƙofar da ta yi shekara saba'in da wani abu a rufe ta buɗe, kuma ga dukkan alamu ƙasar da Turawa suka mallaka jiya-jiya ce za ta shige.

A ɗaya gefen wa ke jira? Afirka ta Kudu, ta Firayim Minista John Vorster.

Yadda aka yi ta iso wurin shi ne abin da ya kamata a tsaya a kansa. A farkon 1970 gwamnatin Vorster ta hana Arthur Ashe bizar shiga ƙasar don ya buga gasa, alhali shi ne ya ci gasar Amurka ta 1968, ba don komai ba sai don baƙar fata ne mai baki. Abin ya yi wari ƙwarai, har masu kula da Kofin Davis suka dakatar da ƙasar a shekarar nan. Kwamitin Olimfik ma ya kore ta a 1970 ɗin, bayan an riga an hana ta zuwa Tokyo a 1964. Amma kafin shekara biyu ta wuce sai ga masu tanis sun sake shimfiɗa mata tabarma. Me ya sake? An soke dokar fasfon cikin gida da ake tsare baƙar fata da ita a titi? An ba su ƙuri'a? An buɗe Tsibirin Robben? Ko kusa. Abin da Vorster ya yi kawai shi ne ya yarda baƙin da ba Turawa ba su shigo su buga manyan gasanni, a ɗauke su kamar Turawa na 'yan kwanaki, kulob-kulob na cikin gida kuwa suna nan a rarrabe kamar da. Da wannan wanka da kamar jirwaye aka gamsar da kwamiti. Da aka ga rigima za ta yi yawa in an bar ta cikin ƙasashen Turai, sai aka cusa ta cikin rukunin ƙasashen nahiyar Amurka. Ku duba taswira, jama'a. Ƙasar da ke can ƙurewar Afirka an ɗauke ta an tsallakar da ita teku don a sama mata abokan wasa, kuma masu wannan aiki su ne ke cewa ba su san siyasa ba! Ta nan ta bi ta kayar da Kolombiya, ta zo gida Johannesburg ta kayar da Italiya huɗu da ɗaya.

'Yan wasanta duka Turawa ne, a ƙasar da Turawa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'arta ba. Ɗaya daga cikinsu, Bob Hewitt, a Ostareliya aka haife shi; ya zo da girmansa aka karɓe shi, ya ɗauki tutar ƙasa, yayin da wanda aka binne cibiyarsa a Soweto ba shi da ikon taka filin sai in shara ya zo yi. Wa ya zaɓi waɗannan 'yan wasa? Doka ce ta zaɓe su tun kafin a haife su. Siyasa ta riga kowa shiga fili.

Gwamnatin Indira Gandhi ta ce Indiya ba za ta buga ba. Aka ba Afirka ta Kudu kofin ba tare da an buga ƙwallo ko sau ɗaya ba, ta zama ƙasa ta biyar da aka rubuta sunanta a jikinsa.

Masu sukar Indiya suna da hujja guda wadda ba ta wasa ba ce, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Sukan ce ai da an bar samarin nan sun je, sun lallasa Turawan a gaban jama'arsu, da ƙaryar fifikon launin fata ta ƙare a idon duniya. Sukan kuma kawo misalin Jesse Owens a Balin a 1936. Madalla. Owens ya ci zinariya huɗu, Hitila ya sami bikin da yake so, bayan shekara uku ya auka wa Poland. Gwamnatin wariya ba cin wasa take nema ba da farko; abin da take ƙishirwa shi ne a gan ta cikin mutane, a ɗauki hoton ministanta yana gaisawa da baƙi, a ce ga shi ana hulɗa da ita kamar kowa. Da Indiya ta je, ko ta ci ko an cinye ta, Vorster ya riga ya karɓi ladansa tun daga filin jirgin sama. Ashe da kansa ya gwada wannan hanya: ya sami biza a 1973, ya je ya buga, ya kai wasan ƙarshe. Daga baya ya koma sahun masu kiran a ƙaurace, har aka kama shi a 1985 yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washinton. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

Sa'an nan a tuna ko wace ƙasa ce aka nemi ta je. A Afirka ta Kudu Gandhi ya yi shekara ashirin da ɗaya, a can aka jefo shi daga jirgin ƙasa a 1893. Indiya ce ta fara kai ƙarar ƙasar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946, ta kuma yanke ciniki da ita a shekarar nan, tun ita kanta ba ta gama fita hannun Ingila ba. A Johannesburg ɗin da za a yi wasan, ana kwashe 'yan asalin Indiya daga unguwanninsu na cikin gari ana zubarwa a Lenasia, can bayan gari. A cikin garin nan ne wani malamin makaranta ɗan asalin Indiya, Ahmed Timol, ya faɗo daga hawa na goma na hedkwatar 'yan sanda a watan Oktoba na 1971. Aka ce wai shi ya kashe kansa, sai a 2017 kotu ta tabbatar kashe shi aka yi. Ahmed Kathrada yana Tsibirin Robben tare da Mandela tun 1964. A irin wannan gari ake so Anand da Vijay su sauka a otal ɗin Turawa, a ba su aron farar fata na mako guda, su yi murmushi a ɗauki hoto.

Ba mu ce gwamnatin Indiya waliyyiya ce ba. Ita Indira ɗin nan ce ta kafa dokar ta-ɓaci a 1975 ta cika kurkuku da abokan hamayyarta. Ba mu kuma manta cewa ministocin da suka yanke hukuncin ba su yi asarar komai ba. Samari biyu ne suka biya, da damar da ba ta zuwa wa mutum sau biyu. Har bayan shekaru masu yawa 'yan'uwan ba su zama baki ɗaya a kan abin ba: wan yana ganin an ƙwace musu kofin da da sun ci, ƙanen yana ganin duk da zafin abin an yi daidai. Muna jin zafin Anand, kuma shi ne ma ya sa muke ƙara ganin baƙin kwamiti. Aikin kwamiti ne ya rufe ƙofa tun farko. Ya ƙi, ya bar nauyin ya faɗo a kan yara, sa'an nan ya koma gefe yana nuna su da yatsa wai sun ɓata wasa.

Kada kuma a ce kuskure ne na shekara guda. A 1975 da 1976 Meziko ta ƙi karawa da Afirka ta Kudu. Me Amurka ta yi? A tsakiyar 1976, makonni kaɗan bayan 'yan sandan Vorster sun buɗe wa 'yan makarantar Soweto wuta ranar 16 ga Yuni, Amurka ta yi shelar ficewa daga gasar, don haushin ba a hukunta ƙasashen da ke ƙin yin wasa ba. Masu ƙin gaisawa da mai kisa ne suka ɓata mata rai. Daga baya ta janye ta dawo. A shekarar nan dai Tarayyar Sobiyet ta ƙi buga wasan kusa da na ƙarshe da Chile ta Janar Pinochet, aka dakatar da ita. Bayan shekara huɗu ita Amurkan nan ce ta jagoranci ƙaurace wa wasannin Olimfik na Mosko a 1980, ba ta kuma ji nauyin bakinta ba. Sai da aka yi ta zanga-zanga, har ɗalibai da sauran jama'a suka yi dafifi a Nashville a 1978 sa'ad da aka kai wasan Amurka da Afirka ta Kudu harabar jami'ar Vanderbilt, kafin ƙasar ta bar gasar. Ba ta dawo ba sai 1992, bayan an saki Mandela.

Mu nan ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka kwashe 'yan wasansu daga Montreal a 1976, saboda an bar New Zealand ta shiga alhali 'yan wasan zari-rugarta suna yawo a Afirka ta Kudu. Abraham Ordia ne shugaban majalisar wasannin Afirka da ta tsaya a kan haka. Ta sake ƙaurace wa wasannin Kwamanwel na 1978. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. 'Yan wasanmu da suka yi shekara huɗu suna shiri suka dawo hannu rabbana sun sha irin ɗacin da Anand ya sha. Saboda haka in wani ɗalibi a cikinmu, ko wani sabon ma'aikaci da ya fara ɗaura laktaye, ya buɗe baki ya ce wasa daban siyasa daban, ya sani sadaukarwar nasa yake yi wa dariya.

Ga wanda har yanzu yake shakka, ga lissafi ƙarami. Rasha ce ta ci Kofin Davis na 2021. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 ta auka wa Yukren. Ranar 1 ga Maris hukumar tanis ta duniya ta dakatar da ita da Belarus daga gasar, tana riƙe da kofin. Kwana biyar. Ba mu ce an yi laifi ba. Abin da muke tambaya shi ne ina wannan hanzari ya shiga a da. An harbe mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, aka shekara goma kafin a dakatar da Afirka ta Kudu, aka dawo da ita bayan shekara biyu, aka miƙa mata kofi bayan wasu biyun. Ashe dai ana iya rufe ƙofa in an ga dama. Haka ma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus da Japan ba su koma gasar ba sai 1951, ba wanda ya yi kukan an gama wasa da siyasa. Jinin da ya zuba a Turai kan isa kunnen kwamiti cikin mako guda. Wanda ya zuba a Afirka sai ya bi layi.

Indiya ta sake kaiwa wasan ƙarshe sau ɗaya, a 1987, Vijay yana da shekara 34, ƙarfi ya fara ja baya. Suka je Gothenburg, Swidin ta cinye su biyar ba ko ɗaya. Har yau Indiya ba ta taɓa ɗaukar kofin ba. Afirka ta Kudu kuwa, tun daga wancan da aka miƙa mata a 1974, ba ta sake kaiwa wasan ƙarshe ba.