Lafiya Uwar Jiki: Kaya a Ka, Wahala a Ƙafa

Kaka ta yi. Hanyoyin gona sun cika da masu ɗaukar damman hatsi, mata kuma suna ta jigilar ruwa da itace. Galibi da wuya da baya ake kuka, alhali ƙafa ma tana shan nata rabo.

Litir guda na ruwa kilo guda ne, wato bido mai litir 25 kilo 25 ke nan. Likitoci sun auna cewa a kowane taku gwiwa tana ɗaukar ninki 2 zuwa 3 na nauyin da ke bisanta. Saboda haka bidon nan yana iya zame wa gwiwa kilo 50 ko fiye. A gangare abin ya fi haka.

Ƙasar da ake takawa ita ma da nata hali. Rairayin jigawa yana da taushi, amma ƙafa na nutsewa, sai mutum ya kashe ƙarfi fiye da ninki 2 na tafiya bisa ƙasa mai tauri. Dambubu da agara su gaji, gajiyayyar ƙafa kuwa ba ta da wuyar gurɗewa. Fako da kwalta ba su lotsawa, duk dukan yana komawa ga diddige da ƙwauri. Doguwar tafiya da kaya kullum bisa irin wannan wuri tana iya tsaga ƙananan ƙasusuwan ƙafa, ciwon da aka daɗe da sani wajen sojoji. Duwatsu irin na ƙasar Adar suna kawo targaɗe, lakar fadama da ta bakin rijiya kuma santsi.

To, mine ne magani? A raba kaya biyu, sawu biyu ya fi jinyar wata guda. A gajarta taku, musamman a gangare. A sa takalmi mai kama diddige, silifa na zamewa. Mai amalanke ko jaki ya taimaki maƙwabci. Kada a ɗora wa yara da masu ciki kayan ƙarti.

In an yi targaɗe, a huta, a sa tsumma mai ruwan sanyi, a ɗaure ba da matsi ba, a ɗaga ƙafar sama. Wanda ya kasa taku 4 bisa ƙafar, a kai shi gidan likita ran nan, don wataƙila karaya ce.

Allah ya ba mu lafiya.