Ciwon Marar da Ake Cewa Aure Zai Warkar

A ƙauyukan da ke kewaye da Dutse, daga Kiyawa har Jahun, idan budurwa ta kwanta tana murƙususu duk wata saboda ciwon mara, abin da iyaye mata suka saba faɗa mata shi ne ta yi haƙuri, da zarar ta yi aure zai daina. To amma idan auren ya zo, shekaru suka shuɗe ba ciki ba ɓari, sai maganar ta koma ta sammu ko namijin dare, a yi ta jiƙo da hayaƙi, daga bisani a sa mata suna juya, a yo mata kishiya. Ni kuwa ina ganin a cikin waɗannan bayin Allah akwai da yawa da illarsu tana da suna a wurin likitoci, wato endometiriyosis.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne, wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yakan tsiro inda ba muhallinsa ba, a kan ma'ajiyar ƙwai ko bututun da ƙwan ke bi, kuma duk lokacin haila sai ya kumbura ya yi jini alhali jinin ba shi da mafita, har tabo ya taru, gaɓoɓin ciki su manne, hanya ta toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin miliyan 190 ke ɗauke da wannan cuta, wato ɗaya cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kuma babu dalilin zaton an keɓe matan Jigawa.

Magani akwai, ko da yake ba mai tumɓuke cutar ba ne. Ƙwayoyin da ke danne haila suna sauƙaƙa azaba, sai dai mace ba ta ɗaukar ciki muddin tana shan su. Mai neman haihuwa kuwa akan yi mata tiyata ta ƙaramar huda da na'urar leƙa ciki, a kankare naman, idan hakan bai wadatar ba a koma ga haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, hikimar da ta fara ba da 'ya a Ingila a 1978, wadda Muftin Masar Shaihu Jadul Haƙ ya yi fatawar halaccinta a 1980, bisa sharaɗin ya kasance tsakanin ma'aurata ne kuma igiyar aure na nan.

Saboda haka wajibi ne Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse da Asibitin Tarayya da ke Birnin Kudu su zama inda ake tura yarinyar da ciwon mara ke hana ta zuwa makaranta, tun kafin tabo ya yi ƙarfi. Maigida kuma, kafin ya kai kuɗin neman auren ta biyu, ya fara miƙa kansa a gwada shi, domin sau da yawa sababin rashin haihuwar yana wajensa, kuma gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha.