Rubutu a Bango da Ɓarnata Kayan Jama'a a Madarunfa: Alhakin Wa Ne?

Duk wanda ya lura da bangon makarantu da asibitoci da tashoshin mota a jihar Maraɗi ya san yadda suke cika da rubutu: sunayen 'yan takara da fenti, tallan masu maganin gargajiya da lambobin waya, zane-zanen yara da gawayi. Gundumar Madarunfa, da ke kudu da birnin Maraɗi kusa da iyakar Najeriya, ba ta tsira daga wannan ba. Ɓarnar da ta fi tsada kuwa ita ce ta cire batir daga fitilar titi mai aiki da hasken rana, ko kwance kan famfo, ko ɓalle tagar aji.

Matsalar ta samo asali ne daga yadda ake kasafta kuɗi. Ana ware kuɗin gini, amma ba a cika ware na kulawa ba. Shirin Maraɗi Kwalliya, wanda aka gudanar domin bikin 18 ga Disamba na 2015, ya samar wa birnin tituna da gine-gine, sai dai bayan biki nauyin kula da irin waɗannan ayyuka yakan koma kan ƙananan hukumomi, waɗanda galibin kuɗin shigarsu harajin kasuwa ne da na kai. Bayan zaɓen 2004 magadan gari ne suka ɗauki wannan alhaki. A watan Afrilu na 2024 mahukuntan soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi. A watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Ke nan duk fentin da ya rage a bango daga zaɓukan 2020 da 2021 ya zama maraya: babu jam'iyyar da za a kira ta goge abinta.

Birnin Niyok na Amurka ya yi fama da rubutu a jikin jiragen ƙasa. Daga 1984 hukumar sufuri ta kafa ƙa'idar cewa taragon da aka tsabtace ba zai sake fita aiki da rubutu a jikinsa ba, kuma a 1989 aka kammala aikin. Saurin gogewa ne ya karya gwiwar masu rubutun, domin wanda ya san aikinsa ba zai kwana ba, ba ya ɓata fentinsa. Wannan dabara ba ta buƙatar injina. Bangon siminti fenti mai launi ɗaya da na asali yake so. Bangon laka kuwa kada a kankare shi da ruwa, don zai zaizaye. A sake yaɓe, a shafa farar ƙasa bayan damina ta wuce.

Abin lura shi ne, da wuya a ga irin wannan rubutu a bangon masallaci, saboda kowa ya san masu kula da shi. Haka ma makarantar da kwamitin iyaye da malamai na COGES yake aiki da gaske. Saboda haka ya kamata kantoma, tare da sarakunan gargajiya da masu unguwanni, su danƙa kowane gini a hannun mutane sanannu, a kuma kafa allunan sanarwa a kasuwa da tasha domin mai talla ya sami inda zai liƙa takardarsa. Su ma ƙungiyoyin raya ƙasa, da kan rubuta saƙonnin rigakafi a bango, ya dace su nemi izini, su kuma goge idan aiki ya ƙare.

Wajibi ne a bambanta yaron da ya yi zane da gawayi da ɓarawon batir. Na farko ya isa a ba shi farar ƙasa ya gyara a gaban iyayensa. Na biyu yana da kasuwa, don haka binciken 'yan sanda ya kamata ya fara daga masu sayen tsofaffin ƙarafa da batura, har da na tsallaken iyaka.

Madarunfa tana da ƙarin dalili na gaggautawa. Tun 2006 Nijar ta sanya tafkin garin da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, kuma yadda ake kula da wuri yana cikin sharuɗɗan da hukumar take dubawa.