Arzikin Da Ke Cikin Kara Da Itace

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina roƙo ku ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari na kimiyya.

Akwai wani jinsin sinadarai waɗanda tushensu zobe ne na ƙwayoyin kabon shida. Uwarsu ita ce benzin, wadda Michael Faraday ya gano a Ingila a 1825. Da su a ke yin rini, da fenti, da asfirin, da gorar roba. A da daga kwal a ke tatso su, yau kuwa galibi daga man fetur. To, man fetur ba a shuka shi. Abin da aka ɗiba ya tafi ke nan.

Amma fa akwai irin wannan zobe a jikin tsiro. Abin da ke sa itace da kara tauri sunansa liginin, ya kai wajen rubu'in busasshen itace. Masana'antun takarda su kan ware shi, su ƙone mafi yawansa. Kamfanin Borregaard na ƙasar Nowe kuwa tun 1962 ya ke fid da banilin daga cikinsa, watau ƙanshin nan da a ke sa wa biskit. Wahalar ita ce liginin ba shi da tsari ɗaya, kwance shi sai da dabara da kuɗi.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Shunin marinar Ƙofar Mata daga baba ya ke fitowa, shi ma ɗan gidan benzin ne. Sa'ad da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, noman baba a Indiya ya durƙushe.

Ni dai ina goyon bayan a koma ga tsiro, amma da sharaɗi. Kada a ɗauki hatsi a kai masana'anta, yaro na kwana da yunwa. Kada kuma a ce karan dawa shara ne, don shi ne abincin dabba, shi ne darni, shi ne takin gona. A fara da ɓuntun shinkafa, da tuƙar rake, da garin katako, waɗanda a ke tulawa a cinna musu wuta.

Mu da za mu shiga aji gobe, lalle mu nuna wa yara cewa kimiyya ba a littafi kaɗai ta ke ba, tana nan a bayan injin casa. Allah ya sa mu dace.