Ƙato Bayan Ƙato, Ko Ƙuri'ar Asiri?

Duk sa'ad da zaɓen fid da gwani ya gabato, sai a ji dattawa a majalisun Jahun suna begen zamanin ƙato bayan ƙato, wanda da shi aka zaɓi Ali Sa'ad Birnin Kudu gwamnan farar hula na farko na Jigawa a Disambar 1991, watanni kaɗan bayan an yanke Jigawa daga Kano. Hujjarsu kuwa ba abar rainawa ba ce, domin jama'ar da ta jeru da rana tsaka a bayan hoton ɗan takara, aka ƙirga ta da babbar murya a bainar jama'a, ba mai iya canja adadinta da dare.

Ƙyamar da suke yi wa zaɓen wakilai ma tana da asali. A 1951, lokacin da ƙasar Jahun take cikin Lardin Kano, an yi zaɓe hawa-hawa, jam'iyyar NEPU ta sami nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da En'e ta cusa nata mutanen a majalisar ƙarshe, ko mutum ɗaya jam'iyyar ba ta kai majalisar Kaduna ba. Daliget na baya-bayan nan, wanda aka riƙa killacewa a masauki a daren zaɓe, jikan wancan tsari ne.

Sai dai, Allah Ya gafarta wa dattawa, akwai abin da suke mantawa. Manomin da ya ci bashin taki da damina, wanda mai bin sa bashin yake tsaye ƙarƙashin darbejiya yana duban layi ɗaya bayan ɗaya, da matar da mijinta ya riga ya nuna mata inda za ta tsaya, waɗannan ba ra'ayinsu aka ƙirga ba, tsoronsu aka ƙirga. Malamanmu kuwa sun daɗe da karantar da mu cewa abin da aka karɓa bisa tilas ba ya zama yarda, balle ya zama shaida, alhali ƙuri'a shaida ce kuma amana.

Lokacin da aka kafa ta, Dokar Zaɓe ta 2022 ta halatta wa jam'iyyu zaɓen kai tsaye, da na wakilai, da na maslaha. A nawa ganin, kowane ɗan jam'iyya mai kati ya zaɓi gwaninsa da kansa a mazaɓarsa, ya dangwala a asirce, sa'an nan a zazzage akwatin nan take a ƙirga a gaban kowa, kafin kowa ya bar wurin. Shugabannin jam'iyyu na Dutse su fara da kujerun kansiloli.